Wayar Baffa a Ofishin Lauya

Shekarun baya, wata ranar Laraba da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, ina zaune a shagona na Gidan Dare, ni da abokina da muke aiki tare. A lokacin ni nake kula da intanet ɗin wani ofishin lauyoyi a Mabera. Na'urorin suna can jikin silin, amma daga wayata nake sarrafa su ko ina nake. Ina ganin wadda ta mutu, ina kuma ganin sunan duk wayar da ta hau layin baƙi.

Ina dubawa sai na ga "Baffa na Kara". Ni na raɗa wa wayar wannan suna ranar da Baffa, ƙanin mahaifina, dillalin shanu a kasuwar kara, ya sayo ta. Ta yi minti arba'in a kan layin. Na nuna wa abokina, ya ce, "Rufe, ba ka gani ba." Na rufe, amma bakina bai rufu ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci na tarar da Baffa a zauren gidanmu a Ƙofar Rini. Don in nuna ni ma na san gari, na ce, "Baffa, ya mutanen Mabera? Barista yana lafiya?"

Ya ajiye kofin fura. "Wa yah hwaɗa maka?"

Na yi dariya na ce ai gari ƙarami ne. Bai yi dariya ba.

Da safiyar Litinin Barista ya kira ni. Da na isa ofishin na samu Baffa a tsaye, ya ƙi zama, yana neman a ba shi takardunsa. Cewa yake, "Maganar da munka yi mu biyu, ɗan yayana ya ji ta. To gobe kara duka za ta ji." Barista ya shekara ashirin yana riƙe sirrin mutane, kuma rabin masu zuwa wurinsa 'yan kara ne. In Baffa ya fita da wannan zargi, ba shi kaɗai zai fita ba.

Na ciro wayata na nuna musu jerin sunayen. Na ce, "Baffa, Barista bai gaya mini komai ba. Wayarka ce ta gaishe ni."

Ya daɗe yana kallon sunan. Sannan ya ce, "Kai kas sa mata suna, kai kuma ta kai wa tsegumi. Ashe ɗan leƙen asiri nis saya da kuɗina." Ya ja kujera ya zauna.

Barista bai ɗaga murya ba. Ya ce mini, "Malam, a nan ko zuwan mutum sirri ne. Na ba ka mabuɗi ban gaya maka haka ba, wannan laifina ne. Sauran naka ne." A gabansu na gyara tsarin, sunayen baƙi suka daina fitowa, sai lambobi.

Na ɗauka aikina waya da na'ura ne kawai. Ranar na gane duk wanda aka ba shi ikon gani daga nesa, amanar gidan ta hau kansa ko ba a faɗa masa ba. Har yau in na tuna wannan gaisuwar tawa sai in ji kunya.

Barista bai kore ni ba. Baffa ya ci gaba da zuwa ofishin har shekara biyu, yana barin wayarsa a gida. Abin da ya kai shi, har yanzu ban sani ba.