Larabar da Muka Tuge Jema

Har yau ban manta da Larabar da aka sa mu tuge jema ba, kuma duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci.

Ni ne helman leburori a wani ramin marmara da ke bayan gari. Kullum da sassafe nakan fito daga Unguwar Gano, tifa ta kwashe mu a Gyaɗi-Gyaɗi. Aikina shi ne hana ruwa cinye bakin ramin. Idan an gama haƙa wani ɓangare, mukan sare gaɓar hawa-hawa, mu dasa ciyawar jema a jere, domin saiwarta tana nutsawa sosai ta riƙe ƙasa. A gindin gaɓar gabas akwai gonar geron wani dattijo, Malam Iro. Damina biyu ina rainon jemar nan saboda shi. Ko ina gida, da hadari ya haɗo sai na kasa cin abinci.

A watan Yuli aka ce jami'an duba muhalli za su zo. Manaja ya zagaya wurin, ya tsaya a kan gaɓar gabas.

"Malam Sani, wannan dajin fa? Baƙi su zo su tarar da ciyawa kamar kango?"

"Yallaɓai, jema ce. Ita ke riƙe da gaɓar."

"Kai dai da tsoro! Ko inuwarka sai ka duba sau uku. A share, a jera duwatsu, a shafa musu farar ƙasa."

Na roƙe shi a bar ko layi biyu. Ya ce in ba zan iya ba, akwai mai iyawa. Na ɗauki diga, ni na fara sara.

Aka ɗaga ziyarar, baƙi ba su zo ba. Ruwa ne ya zo ranar Juma'a, kamar da bakin ƙwarya. Gaɓar ta tsage, jar ƙasa da fararen duwatsunmu suka binne geron da ya kai gwiwa. Manaja kuwa ya rubuta wai helma ne bai kula ba.

Malam Iro bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Dutse ɗaya ya tono, ya miƙo mini.

"Ungo kwalliyarku, Sani."

Ku da kuka shigo aikin nan, ku sani abin da ke riƙe ƙasa ba shi da kyan gani, kuma mai ba da umarni ba gonarsa ce a gangare ba. Dutsen yana ɗakina. Tun ranar, an sake miƙo mini diga sau biyu don a yi wa baƙi shara, ban karɓa ba.