Malam Usur da Tseren Ƙanana

Ya daɗe yana koyar da wasanni a makarantar, har an manta sunansa na yanka. Malam Usur kowa ke ce masa, saboda usur ɗin da ba ya barin wuyansa. Mutum ne mai fara'a, amma akwai abin da ke cinsa a rai: a ɗakin malamai ana ganin aikinsa bai wuce sa yara tsalle-tsalle ba. Shi ya sa, da furfura a gemu, ya sayi tsohuwar kwamfuta ya duƙufa koyon rubuta manhaja. Matarsa har tsiya take masa, wai ya koma ɗan aji ɗaya.

Da aka tashi zaɓen 'yan tseren ƙanana, masu shekara sha biyu zuwa sha huɗu, sai ya ce wa shugaban makaranta, "Ranka ya daɗe, bana kwamfuta ce za ta zaɓa." Da ƙarfi ya faɗa, don malamin lissafi ya ji.

Jeri biyu ya shigar, na sunayen ɗalibai da na shekarunsu, kowane suna daura da shekarun mai shi. Ya rubuta umarnin a zubar da duk shekarun da suka fita daga iyaka. Sai dai jerin shekarun kaɗai ya tace, bai taɓa na sunaye ba. Shekarun da suka rage suka matso sama, suka zauna gefen sunayen da ba nasu ba. Ɗoki bai bar shi ya karanta ba, ya buga ya miƙa.

Da safe a filin taro shugaba ya fara kira. Can sai ga sunan wata ɗalibar ajin ƙarshe da ta shiga makaranta a makare, ta girmi kowa, har yara na ce mata Iya a bayan ido.

"Shekara sha biyu," in ji shugaba, yana gyara tabarau.

Fili ya kaure da dariya. Yarinyar ta fito a hankali ta tsaya cikin ƙanana, kanta a sunkuye. Malam Usur ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka. Shi kuwa ya gano kuskurensa tun ranar da abin ya faru: sai an ɗaure kowane suna da shekarunsa tukuna, sannan a tace su tare. Layi ɗaya ne gyaran. Bai ji sanyi ba ko kaɗan.

"Injin dai ya gyaru," matarsa ta ce. "'Yar mutane fa?"

Tare suka je gidan su yarinyar. Ya cire hula a gaban mahaifiyar, ya ce, "Mama, ba laifin kwamfuta ba ne. Son a yabe ni ne ya ja."

Yarinyar tana bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, ba sunan ba ne ya dame ni. Har malamai na gani suna dariya."



Ta dawo makaranta, ta gama karatunta lafiya. Shi ma bai bar kwamfuta ba, yanzu ma shi ke haɗa wa malamin lissafi sakamakon jarrabawa. Amma in an yabi aikin a ɗakin malamai, sai ya ce yara na jiransa a fili, ya tashi ya fita.