Waƙar Dada a Wutsiyar Kaset

Sunan miji ba abin faɗa ba ne a bakin mace, amma tun da duk Sabon Garin Maraɗi sun gama yayata shi, bari in faɗa sau ɗaya in huta: Maidawa mai kaset. Ni Zuliha shekara talatin da ɗaya na yi a gidansa, kuma rabinsu a bakin rumfarsa na yi su, ina sayar da ruwan lamurje, ina shan kiɗan da ban biya ba, ban kuma roƙa ba.

Aikinsa ba shi da wuya a ido. Rediyo ce mai baki biyu. Ka zo da sunayen waƙoƙin da kake so, ya sa uwar kaset a bakin hagu, ya sa sabo a bakin dama, ya kwafa maka. Da nan ya tsaya da mun zauna lafiya. Ina! Mutumin nan bai iya ganin mutum da zaɓinsa ya ƙyale shi ba. Direba ya zo neman kalangu, sai ya ce masa hanyar Damagaram doguwa ce, garaya ce ta dace da ita. Mushen lakwal, wato malamin boko, ya zo neman kiɗan Kwango, sai ya zaunar da shi a benci, wai ya saurari wata tsohuwar waƙar gurmi tukuna, in bai ji tsigar jikinsa ta tashi ba ya tafi da kaset kyauta. Na sha gaya masa, Malam, ka sayar wa mutane abin da suka zo saye. Sai ya ce ai likita ba ya tambayar majinyaci wace allura yake so. Haka za su tafi suna tsaki, bayan sati biyu ka gan su sun dawo suna tambayar sunan mai gurmin nan.

Sai kuma gyara. Kowa ya san in mai hatsi ta auna maka tiya, takan ƙara ɗan tafi a kai. Shi ma ya ce ɗan kasuwar da ba ya gyara ba ɗan kasuwa ba ne. To gyaransa guda ne, ba ya sakewa. In ya gama zuba maka waƙoƙinka, duk abin da ya rage a wutsiyar kaset sai ya cika shi da waƙar mahaifiyarsa, Dada.

A yunwar tamanin da huɗu ya ɗauki waƙar a kaset. Dada ta baro Jiratawa ta zo ta yi wata biyu wurinmu. Tsohuwa ce ta gargajiya, ba ta bar al'adun Anna, Maguzawan ƙasarmu, ba har ta koma ga Mai ita, kuma ta rantse ba ta cin garin inji, wai ƙarfe take ji a ciki. Dole aka nemo mata dutsen niƙa. Wata hantsi tana niƙa ɗan geron da muka samu tana waƙa, ya lallaɓo ya ajiye rediyo kusa da ita.

*Gulbi ya zo bai yi sallama ba,*
*Ya ɗau gero ya bar mini dutsi.*

Haka take farawa. Daga nan ta bi gonakinsu ɗaya bayan ɗaya, ta zo kan tsamiyar ƙofar gidansu, ta lissafa ƴaƴanta, na raye da na ƙasa. Waƙar doguwa ce. Da ta kai ƙarshe dutsen ya tsaya, aka yi shiru kamar numfashi uku, sai ta hango rediyon. Ta fashe da dariya ta ce, "Kai Maidawa, ƙaton banza, kashe akwatin nan ka ba ni ruwa."

Wannan dariyar da wannan maganar su ne dukiyarsa a duniya, ban cire kaina ba. Kaset yana da ƴan kunnuwa biyu a gindinsa, in ka ɓalle su ba a sake ɗaukar komai a kai. Duk uwayen kaset ɗinsa ya ɓalle musu kunne ban da wannan. Dalili kuwa, Dada ta ce in an yi kaka za ta dawo ta cika masa ɗaya gefen. Ba ta ga kakar ba. Na yi magana har na gaji, ya ce in ya ɓalle kamar ya rufe mata ƙofa ne. Ko kwafi ɗaya cikakke bai ajiye ba, wai me zai sami abin da ke kwana a aljihunsa.

Mutane sun yi ta ƙorafi kan gyaran nan. Wani ya ce ya sayi kiɗan biki an ƙara masa da kukan dutse. Wani ya ce a daina cusa masa waƙar arna a gida. Shi ko a jikinsa. In ka tambaye shi wace waƙa ce ta fi kowace a Maraɗi, sai ya ce ka je ka ji ƙarshen kaset ɗinka.

Aka yi babban taron ƙasa, aka ce dimokuraɗiyya ta zo. Mu dai abin da muka fara gani a Sabon Gari tutoci ne da lasifika. Zaɓen tis'in da uku ya faɗo cikin azumi. Ƴan wata jam'iyya suka kawo masa waƙar ɗan takararsu, suna son kaset ɗari uku cikin kwana huɗu, ga wuta tana zuwa tana tafiya kamar baƙuwar da ba ta son gidan. Har kan waɗannan ma sai da ya ce zai yi gyara. Ya sa na jam'iyya, ya cire, ya sa na Dada, ya cire, tun safe. Ran na uku, bayan azahar, rana ta dake shi, ƙishi ya dake shi, ya rage murya don kansa na sara. Hannunsa ya yi kuskuren baki. Ya sa na Dada a dama.

Ina wanke kofuna na ga ya tsaya yana kallon rediyon. Ya mayar da kaset baya ya kunna. Maimakon dutse sai ga maroƙi yana wasa wani mutum da ko kujerar bai samu ba daga baya. Ya juya gaba, ya juya baya, ya ciro shi ya sa alƙalamin bik yana murzawa da hannu, kamar in ya murza a hankali za ta fito. Bai yi kuka ba. Ni ce na yi, kuma ban fasa ce masa na gaya maka ba, Allah ya yafe mini. Da aka sha ruwa ya kasa haɗiye ko kunu.

Washegari ya ce ai waƙar ba ta ɓace ba. Shekara takwas yana rabon ta, tana nan a gidajen mutane. Ya sanar a tasha da kasuwa cewa duk mai tsohon kaset na rumfarsa ya kawo a ba shi sabo. Bayan darajar sefa ta karye kuɗin sabon kaset ya ninka, bai janye maganar ba, ni kuwa na san abin da tukunyata ta gani. Ya bi unguwar Zariya gida gida kamar mai neman ɓataccen akuya. Wasu sun ɗora wa'azi a kai. Wasu sun ɗora muryarsu sun aika wa ɗan'uwa a Abijan. Wata rana a hanyar Jiratawa ya ga zaren kaset an ja shi a gonar gero yana walƙiya don korar tsuntsaye. Ya sauka daga keke ya daɗe a tsaye, mai gonar har ya zaci ɓarawo ne.

Arba'in da ɗaya ya tara a kwali. Duk suna da farkon waƙar, babu mai ƙarshenta. Laifin gaskiyarsa ne. Ba ya tauye wa mutum abin da ya biya, sai ya cika kaset fam, ɗan abin da ya rage ne na Dada. Yawancinsu a gulbi suke yankewa. Mafi tsawo ya kai tsamiya, ya yi ƙas ya tsaya. Ko ɗaya bai kai sunayen ƴaƴa ba, balle dariya.

Shekaru suka yi ta tafiya. Sojoji su karɓa, a yi zaɓe, sojoji su sake karɓa. Mutanen da suka zo da waƙar wannan jam'iyya su dawo da ta waccan, atamfa kawai suka sake. Ya daina gyara. Ya daina gardama da masu saye, abin da ka ce shi zai ba ka, kuma wallahi sai na ji ina kewar surutun da na yi shekaru ina tsinewa. Ga kunnensa da lasifika ta cinye a hankali. Da farko sai an maimaita masa, daga baya sai an yi ihu. Faifan sidi ya shigo gari, samari suka daina tsayawa a rumfar. Na ce ya haƙura, ya ce ya haƙura, amma duk wanda ya gani da tsohuwar rediyo sai ya tambaye shi.

A shekarar wahala ta dubu biyu da biyar na je barka Tibiri. Sunan ma ba armashi, kowa ya rame. Ina zaune a tsakar gida na ji wata mata tana wanke kwanoni tana rera waƙar gulbi. Ban damu ba, na saba ji a bakin mutane. Sai na ji ta wuce tsamiya. Ta shiga lissafa ƴaƴan da ba nata ba, har ta ambaci sunan mijina. Na tashi zane na faɗuwa.

Da na dube ta da kyau na gane ta. Tsahara ce, wata dillaliya mai faɗan tsiya. Shekarun baya ta zo rumfa da waƙoƙi bakwai, ya ƙi saka mata biyu, wai ba waƙa ba ce hayaniya ce. Suka yi ta yi har mutane suka taru, ta ce ya bar wurin fanko in ya so. Shi kuwa ba ya barin fanko. Taurin kansa ne ya ba Dada fili ran nan. Ta ce kaset ɗin na nan a ƙasan adaka, rediyonta ta sayar ta sayi hatsi tun watan jiya. Ta ba ni, ta ce in gaya wa mai baƙin halin nan har yanzu tana bin sa waƙa biyu.

Na iso gida da la'asar. Da ya ga rubutun hannunsa a jikin kaset ɗin, kafin ya kunna sai da ya sa farce ya ɓalle kunnuwan duka biyu. Ya kai murya ƙarshe, ya manna kunnensa na dama a jikin rediyon. Muryar Dada ta fito, ta ɗan ja saboda tsufan zare, amma ita ce. Yana jin amon waƙar sama sama, leɓensa na bin ta. Gulbi ya wuce, gonaki suka wuce, tsamiya ta wuce. Ina kallon zaren yana ƙarewa ta ɗan tagar nan. Ta lissafa ƴaƴanta kaf. Dutsen ya tsaya. Na ƙirga numfashi ɗaya, na ƙirga na biyu. Rediyon ya yi ƙas.

Bai ɗago nan da nan ba. Waƙa da ƙarfi yana ɗan tsinta, amma magana ƙasa ƙasa ta daɗe da fin ƙarfin kunnensa, shi ma ya sani. Ya juyo ya dube ni, tsoho da furfura, ido kamar na mai jiran sakamakon asibiti.

"Zuliha, ta yi dariyar?"

Shekara goma sha biyu yana yawo a kan tambayar nan. Na gaji, shi ma ya gaji. Na kai bakina kunnensa na ɗaga murya yadda zai ji.

"Ta yi, Malam. Ta ce kai ƙaton banza ne, ka kashe akwatin ka ba ta ruwa."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu ya kashe rediyon da ya riga ya tsaya. Ya dafa gwiwa ya tashi, ya je bakin randa ya cika moɗa, ya dawo tsakar gida ya tsaya da ita a hannu yana dube dube. Babu kowa a gidan sai ni. Ya miƙo mini, na karɓa da hannu biyu na shanye, ko da yake ba na jin ƙishi.