Agogon Akwatunan Ɓeraye

Gyaran rediyo nake yi a bakin kasuwar Matameye, shekara da shekaru. Karatuna bai wuce aji uku na lakwal ba. Ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Wata shekara bayan kaka, wata ɗaliba ta zo daga Damagaram da akwatuna cikin kwali. Ta ce bincike take a kan ɓerayen da ke cin hatsi a rumbunan ƙauyen Dungu, tana son sanin lokacin da suke shiga. Da hannunta ta haɗa akwatunan: ɗan allo mai wayoyi kamar cikin rediyo, da ido mai ganin motsi, da kati mai ajiye lissafi. Na kanti sun fi ƙarfin makarantarsu. Waɗannan kuwa, in ji ta, masu su sun saki tsarin kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara.

Da haihuwarta ta matso, ta ɗauke ni aikin kula da akwatunan da ta kafa a rumbunan, ta koma gida. Aikina in zaga duk mako, in liƙe wayar da ta tsinke, in share datti.

Na zaga. A cikin kowane akwati na tarar da ƙaramin pil, wato batir, kamar maɓalli, ya fara tsatsa. Abin da nake wa rediyo shi na yi masa: na cire, na goge, na mayar. Duk mako, duk akwati. Har daɗi nake ji.

Bayan wata biyu ta dawo da jaririya a baya. Ta sa katin a na'urarta, ta daɗe tana kallo. Ashe pil ɗin ke riƙe agogon akwatin. Duk cirewa, lokaci ya koma farko. Ɓerayen duk an ƙirga su, amma ba a san yaushe suka zo ba, kuma abin da take nema ke nan.

Na ce, "Malama, ba gyara?"

Ta ce, "Baba, an rubuta a bayanin tsarin cewa kada a cire pil ɗin. Ni ce ban faɗa maka ba."

Ta nuna mini a wayarta. Shafi ne a buɗe, da Ingilishi. Na riƙe wayar ina kallo.

Hatsin rumbunan ya riga ya yi ƙasa. Sai wata kakar, kuma makarantar ba ta ba ta wata shekara ba. Ta kwashe akwatunan, ta bar mini ɗaya da ya ƙone. Na gyara shi, yana aiki. Ban san yadda ake saita agogonsa ba.