Malama Nabbosa, Gwaggon da Ba a Gaisarwa a Hanya

Malama Perusi Nabbosa takan riga kowa isa makarantar firamaren garinmu, nan kusa da birnin Masaka. Shagon ɗinkina yana kallon ƙofar makarantar, shekara da shekaru ina ganin shigarta da fitarta, kuma ban taɓa ganin wani ya jera da ita ba.

Kimiyya aka ɗauke ta koyarwa. Amma ranar Alhamis idan an tashi, sai ta tara 'yan ajin ƙarshe, maza da mata, a bayan kicin, ta zube musu matoke, ɗanyar ayabar da muke dafawa, ta raba wuƙaƙe. A wajenmu namiji ba ya fere matoke, zancen balaga kuwa aikin gwaggon yarinya ne, a ɗaki, ƙofa a rufe. Ita ta ce yaro ba ya tambaya idan ana kallon ƙwayar idonsa, a bar idon a kan wuƙa bakin zai buɗe. Haka kuwa aka yi. Daga jinin al'ada da canjin murya, sai ta gangaro inda gwaggonni ba sa zuwa: yadda ake son mutum ba tare da an danne shi ba. Yaran da kansu suka sa mata Gwaggo.

Mai dafa abincin makarantar ce ta ba ni labarin Ssekitto, wani ɗalibi mai baki.

"Gwaggo, ai in mace ta ce a'a, jan aji ne kawai," in ji shi.

"To, Ssekitto, ba ni takalminka."

"A'a, Gwaggo."

"Kun ji, yana ja min aji."

Ta sunkuya ta zare takalmin, ya ƙarasa fere matokensa ba takalmi, 'yan mata na ta dariya. Yau acaɓa yake yi, kuma matarsa ta gaya min a shagona cewa ko tsawa bai taɓa daka mata ba.

Sai dai garin nan ya saka mata da abin da ke ba ni haushi. Iyaye suka ce tana buɗe wa yara ido, matan coci suka janye daga bencinta. Waɗanda ta koyar kuma kunya ta hana su kusantarta a fili. Duk wanda aka gani a ƙofarta, sai a ce wani abu ya same shi, don haka ta bayan gonar ayaba suke bi su kai mata kukansu, gobe su haɗu da ita a kasuwa su kau da kai. Na ɗinka wa ɗalibanta kayan aure ba adadi, ba a taɓa gayyatarta ba. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Kampala. Watan jiya ta yi ritaya, kuma har yau babu malamin da ya yarda ya karɓi darasin Alhamis.

Ke ce Gwaggon kowa, Malama, mai riƙe sirrin gari. Ke kika koya wa 'ya'yanmu zama da mutane lafiya, mu kuma muka bar ki ke kaɗai.

Ranar Lahadi na je gidanta. Tana ganina ta miƙe, ta rage murya.

"Maman Nakato, lafiya? Wacce ce a cikin yaran?"

"Babu komai, Malama. Gaishe ki na zo yi."

Ta tsaya tana kallona. Can ta shiga neman kofin shayi na biyu, ta daɗe kafin ta samo. Tausayinta ya kama ni har na kasa shan shayin.

Mun gode, Malama Nabbosa, Allah Ya saka miki. Malamai, wani ya daure ya karɓi darasin nan kafin yaran bana su fita. Ku kuma da kuka fere matoke a gabanta, ku je ta ƙofar gaba, da rana, ranar da babu abin da ke damunku.