Yadda Keken Ɗinkina Ya Hau Sama

A unguwarmu ta Auyo, ruwa ba ya sallama. Da damina ta yi nisa sai ka wayi gari ka tarar da shi a tsakar ɗaki, takalma suna yawo a kansa. Wata shekara ya kwana biyu a ɗakina, da ya janye na tarar ƙafafun keken ɗinkina sun yi jawur da tsatsa, feda tana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Keken nan kuwa shi ne gonata, da shi nake rufa wa kaina da 'ya'yana asiri. Na rantse ba zai sake shan ruwa ba.

Sai na aika a kira mini taubashina, ɗan kawuna, kafinta ne a bakin kasuwa. Ya shigo yana taunar goro, ya ce, "Baiwata, me aka ɓata kuma?"

Na ce, "Bawan banza, abin da zan ɗora keke nake so, wanda ruwa ba zai kai ba."

Ya auna keke, ya auna shatin da ruwa ya bari a bango, ya fice. Ni da zan zauna in yi ɗinkin ko kallona bai yi ba.

Bayan kwanaki sai ga shi da wani dandamalin katako, tsayinsa har ƙuguna. Aka ciccibi keke aka ɗora. Na jawo kujerata na zauna, sai ga feda daidai hancina! Na ce, "To, da goshi zan taka?" Ya sosa ƙeya ya ce ai gyara ba ya ɓata aiki. Ya koma ya ƙero kujera mai dogayen ƙafafu kamar zalɓe. Ni kuwa Allah ya hore mini jiki, ba na ɓoyewa. Sai da mata biyu suka tura ni ta baya kafin na hau, muna haki mu duka. Washegari ya kawo ɗan tsani, ya ce wannan kyauta ne. Kyautar ƙaniyarsa!

Ɗinki dai ya yiwu. Sai dai in na miƙe wuya ɗankwalina ya gogi azara, ƙasa ta zubo a kan atamfar mutane. In almakashi ya faɗi, sai na ƙwala wa wani kira. Mai kawo ɗinki kuma ta tsaya a ƙasa tana ɗaga kai tana yi mini bayanin wuyan riga kamar mai ƙara a gaban alƙali. Abin da ya fi ba ni haushi, 'yar tagar da ke can sama ta zo daidai fuskata. Duk wanda ya wuce a babur sai ya ce, "Sannu da aiki, Hajiya!" Maigidana ya ji abin ya ishe shi, ya zo ya toshe tagar da buhu, na koma ɗinki cikin duhu da zufa. Wallahi har na yi niyyar sa gatari in yi itacen girki da dandamalin.

Ban kai ga haka ba ruwa ya zo. Ya shigo da hantsi, ya ɗauki tabarma, ya ɗauki kwanuka, ya yi ta hawa. Ina can sama da ɗinkin wata amarya a hannu, ina kallonsa yana lasar katako. Ya wuce shatin bara. Saura kamar faɗin tafin hannu ya taɓa feda, sai ya tsaya. Na yi hamdala, hawaye suka zubo mini, na ci gaba da taka kekena.

Can da la'asar sai ga taubashin nawa, ya naɗe wando har cinya, yana ratsa ruwa yana washe baki.

"Baiwata, yaya kika ga aikin maza?"

Na ce, "Kai dai Allah ya rufa maka asiri."

Ya sunkuya ya duba inda ruwa ya tsaya, ya ce, "Baɗi sai mu ƙara masa tsayi."

Na buɗe baki zan mayar masa da baƙa, sai na ɗaga kai. Azara tana taɓa ɗankwalina. Shi ma ya ɗaga kai ya duba, ya sake duba ruwan. Sai ya sosa ƙeya.