Tahiru Mai Koya wa Hotuna Tafiya

Tahiru ɗan Magagi mutumin Filinge ne. Ya karanci ordinata, wato kwamfuta, a Yamai, ya dawo gida ya kama aiki a biro, wato ofishin wata ƙungiyar makiyaya. Shi ya haɗa musu manhajar da ake zuba hotunan shanun da aka ƙwato daga ɓarayi, wanda aka yi wa sata ya zo ya duba. Saniyar da ba ta samu mai ita ba, sai a kai ta kasuwar Baleyara a sayar.

To, makiyayi ba da lamba yake sanin dabbarsa ba. Bakin garke yake tsayawa suna wucewa, har ido ya faɗa kan tasa. Ita ko manhajar, da an murza linzamin ordinatar don a wuce gaba sai hotuna su yi tsalle, goma su ɓace, goma su faɗo. Tsoho Sambo na Damana, da aka sace wa jar saniya, ya zo sau uku yana tashi da jiri.

Wata biyu Tahiru ya yi yana koya wa hotunan tafiya: su tashi a hankali, su miƙe, su sassauta kafin su tsaya. Tsohuwar ordinatar har tari take, sai da ya rage wa kowane hoto nauyi.

Ana nan soji suka karɓi mulki, aka kawo wa biron sabon shef, wato shugaba, wani sarjan mai ritaya da bai taɓa tatsar ko akuya ba. Ya leƙa gilashin ordinatar ya ce wata biyu babu sabon maɓalli ko ɗaya, wannan rausayar banza ce, a maida ta yadda take. Ran Lahadi kuma za a kai shanun Baleyara.

Tahiru ya ce to, bai maida ba. Ya aika wa Sambo, ranar Juma'a ya zaunar da shi ya murza a hankali.

"Tsaya nan, ɗana," in ji Sambo. "Ga ta can, da karyayyen ƙahonta."

Sambo ya kora saniyarsa gida. Tahiru kuwa aka kore shi ran Litinin, wai ya ƙi bin oda. Yanzu waya yake gyarawa a bakin kasuwa. Manhajar tana nan yadda ya bar ta, duk baƙon da ya zo shef da kansa ke murza masa linzami, yana cewa dubi aikin da munka yi.